Ciko ba gyara ba ne: fashin baƙi kan man birki ga mai kula da motarsa a gida

A tashoshin motar karkara, tun daga Gwarzo har Gumel, akwai wata al'ada da ta zama jiki. Da sassafe direba zai ɗaga bonet, ya leƙa ruwan lagireto, ya duba man inji, sannan ya kwance murfin ɗan tankin nan na roba da ke can ƙurya ta gaban sitiyari, ya tsiyaya man birki har baki. Shi a wurinsa ya kula da mota ke nan. Mu kuwa a ganinmu daga nan matsala take somawa, domin mota ba ta shan man birki. Fetur ƙonewa yake yi, tsohon inji ma yakan ɗan ƙona man inji, amma man birki a rufe yake cikin fayif daga masta, wato famfon da fedal ke turawa, zuwa tayoyi huɗu, ba shi da wata hanyar fita.

Dalili biyu ne kawai ke sa shi raguwa. Na farko, fad ɗin birki na gaba, wato abin da ke goga faifan taya don tsayar da ita, idan suna cinyewa, fistin da ke tura su yakan ƙara fitowa waje, mai ya bi shi ya cike gurbin. Wannan raguwa ce ta sannu a hankali, cikin watanni, daga layin MAX zuwa kusa da layin MIN, kuma tana gaya maka ne cewa fad sun kusa ƙarewa. Idan ka yi ciko ka ɓoye wa kanka wannan saƙo, ranar da aka sa sababbin fad kuma aka mayar da fistin baya, man zai tumbatsa ya zubo a kan fenti. Dalili na biyu shi ne yoyo. Duk motar da ke neman ciko kowane mako, ko kowace ranar kasuwa, yoyo take yi, kuma ramin da ke ɗiga yau shi ne zai fashe ranar da aka taka birki da ƙarfi saboda akuya ta gitta ko yaro ya shigo titi.

Me ya sa mai cike da tanki zai iya kasa tsayar da mota

Aikin birki ya dogara ne kan abu guda: ruwa ba ya matsuwa. Idan ka taka fedal, busta ya ninka ƙarfin ƙafarka, masta ya tura mai cikin fayif, man nan kuma ya kai ƙarfin ga tayoyi ba tare da ya rage komai a hanya ba. A gaba akwai kalifa da ke matse faifai tsakanin fad biyu. A baya, a yawancin motocinmu, akwai diram da ɗan fot a ciki yana buɗa shu biyu su kama bango. Iska kuwa da tururi suna matsuwa. Idan suka shiga layi, ƙafarka su take matsewa, ƙarfin ba ya isa taya.

Man birkin da muke amfani da shi ba dangin man inji ba ne. Da sinadaran gilaikol ake haɗa shi, kuma halinsa ne ya zuƙi laima daga iska, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko ba a ɗiga masa ruwa ba. Laimar tana shiga ta ɗan hujin numfashi da ke jikin murfi, tana ratsa tiyon roba da ke kusa da tayoyi, tana kuma shiga duk lokacin da aka buɗe tanki. Wato mai yawan buɗewa don ciko ya fi kowa shayar da mansa ruwa. An yi shi haka ne da gangan, domin gara laimar ta narke cikin mai gaba ɗaya da ta taru wuri guda a gindin kalifa. Amma kowane ɗigo da ya narke yana saukar da zafin da man zai iya jurewa kafin ya tafasa.

Ga alƙaluman da ke bayan lambobin nan na DOT da ake bugawa a jikin gora. Ƙa'ida ce ta ma'aikatar sufurin Amurka, mai lamba FMVSS 116, kuma duniya ta bi ta. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas ba, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, abin da ƙa'idar ta nema ya sauko zuwa 140. DOT 4 yana farawa daga 230, ya sauko 155. DOT 5.1 yana farawa daga 260, ya sauko 180. A dubi tazarar DOT 3 da kyau: digiri 65 ne ruwan da bai cika cokali biyu ba a cikin rabin lita zai iya kwashewa. Mota takan kai wannan matsayi cikin shekara biyu zuwa uku, tankinta a cike, ba alamar komai a ido.

Wani zai ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ina birki zai samu irin wannan zafi? Gaskiya ne babu dogayen gangare a yawancin Kano da Jigawa, sai wanda ke bin hanyar Tudun Wada da Doguwa ya nufi Jos, ko ya shiga wajen Riruwai. Amma gangare ba shi kaɗai ke dafa birki ba. Birki motsin mota yake mayarwa zafi. Idan nauyi ya ninka, zafin ya ninka. Idan gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Golf ɗin da aka ɗora wa buhunan gero har but ɗinta ba ya rufuwa, ga fasinja a matse, ta fito daga Gujungu ran Lahadi ko daga Maigatari ran Alhamis cikin zafin Afrilu, tana taka birki a kowane rami da kowane tudun rage gudu, birkinta yana aikin da ba don shi aka ƙera shi ba. Ƙari a kan haka, kalifar da ta cije ko handbirkin da bai gama saki ba suna goga ƙarfe ba hutawa, su tafasa mai a kan miƙaƙƙiyar hanya ba tare da direba ya taɓa fedal ba.

Alamar tafasa tana da ruɗi, shi ya sa muke son a gane ta. Fedal zai nutse har ƙasa babu kamu. Idan Allah ya kiyaye aka samu aka tsaya, bayan rabin sa'a tururin ya huce ya koma ruwa, sai birki ya dawo kamar ba abin da ya faru. Direba ya duba tanki ya gan shi cike, ya leƙa ƙasa bai ga yoyo ba, ya ce ai ya gyaru. Bai gyaru ba, man ne ya mutu, kuma zai sake yi a zafi na gaba. Ruwan nan kuma ko bai tafasa ba yana cin ƙarfe daga ciki. Shi ke sa tsatsa a ramin masta da na fot, tsatsar ta yayyage robobi, yoyo ya biyo baya. Wanda ya ƙi sayen lita guda ta mai bayan shekara biyu, masta da fot zai saya.

Saye

Kafin ka tafi kasuwa, karanta saman murfin tankinka. Kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta lambar da take so a wurin. Tsofaffin motocin Toyota, su Corolla da Starlet da Hiace, galibi DOT 3 ne. Volkswagen, wato su Golf da Sharan, DOT 4 suke so. Ana iya zuba DOT 4 a motar da ta nemi DOT 3, kuma ga mai ɗaukar kaya mu shi muka fi so. Amma ba a saukar da mai neman DOT 4 zuwa DOT 3. DOT 5.1 yana gauraya da su duka biyun.

Tarkon yana wurin DOT 5 zalla, wanda ba 5.1 ba. Mutum zai ga lamba ta fi girma ya ɗauka ya fi kyau. Wannan da silikon aka yi shi, launinsa shunayya ne, ba ya gauraya da sauran, kuma bai dace da mota mai ABS ba, wato na'urar da ke hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi. Haka ma wani koren mai da ake kira LHM, na wasu tsofaffin Citroën ne, ba ruwan motarka da shi.

Araha ba ta ado, balle a kayan birki. Kada ka sayi man birki na awo, wanda ake tsiyayowa daga buɗaɗɗen galan zuwa gorar ruwa a bakin tasha. Ko da na gaske ne, ya riga ya sha iska, ya sha ƙura. Nemi gora mai zobe a murfi wanda bai tsinke ba, da takardar azurfa a liƙe a baki idan an kwance. Duba ko akwai lambar zubi da ranar da aka yi shi, da ɗaya daga cikin lambobin ƙa'ida: FMVSS 116, ko SAE J1703, ko J1704, ko ISO 4925. Rubutun da ke gogewa da yatsa, ko murfin da aka liƙe da gam, alama ce ta tsohuwar gorar da aka sake cikawa. Wanda ke da hanyar shiga Kano, gara ya saya a babban shagon kayan mota a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ko a gidan mai na kamfani, ya karɓi rasit, da ya jira sai ya matsu ya sayi duk abin da ya samu a tebur.

Akwai gwaji mai sauƙi a gida. Zuba ruwa a kofin gilashi, ka ɗiga masa kaɗan daga man. Na gaske zai narke ya ɓace cikin ruwan. Idan ya taso sama yana yawo, an gauraya shi da man inji ko wani mai irinsa, kada ya kusanci motarka. Amma a sani, wannan gwajin ba ya nuna ko an sirka man da ruwa. Don wannan akwai wata 'yar na'ura mai siffar biro da batir, mai fitilu daga kashi 1 zuwa kashi 4. Ana tsoma bakinta a tanki, idan ta nuna kashi 3 lokacin canji ya yi. Ba ta kai gwajin tafasa na gaske daidaito ba, amma ta fi ganin ido nesa. Ya kamata kowace ƙungiyar direbobi a tasha ta mallaki guda. Launi shi kaɗai ba hujja ba ne. Sabon mai garai-garai yake da ɗan ruwan ɗorawa, wanda ya koma ruwan ƙasa ko baƙi ya daɗe da lalacewa, amma mai haske ma yana iya kasancewa cike da laima.

Batun yawa kuma, ƙaramar mota tana riƙe abin da bai fi rabin lita ba ko ɗan sama da haka, amma don a wanke layi sosai sai a tanadi lita guda. Bas irin Hiace ko a-kori-kura, lita ɗaya da rabi ta fi kwanciyar hankali. Ƙananan gorori biyu na rabin lita sun fi babbar gora ɗaya amfani, domin wadda ba a buɗe ba za ta jira, wadda aka buɗe kuwa ta fara tsufa daga ranar. Ragowar da ta yi watanni a but, tana shan rana da murfi a kwance, ba ta da sauran amfani a birki.

Abin da ba a zubawa

Man inji, man giya, man fawa sitiyari, kalanzir, man gyaɗa, duk ɗaya suke a nan. Robobin birki an yi su ne da irin robar da ke jure gilaikol, amma da ta haɗu da waɗannan sai ta kumbura ta yi laushi. Murfin gora ɗaya ya isa. Da farko birki zai riƙa cijewa shi kaɗai, domin kumburarriyar roba ta toshe ƙaramin hujin da mai ke komawa tanki ta ciki, daga baya kuma ya saki gaba ɗaya. Idan ka kwance murfin tanki ka ga robar cikinsa ta kumbura ta fi gurbinta girma, an taɓa zuba irin wannan. Maganinsa mai tsada ne, kuma babu gajeriyar hanya: a sauya masta, da fot, da robobin kalifa, da duk tiyon roba, a wanke fayif na ƙarfe. A motoci da yawa tankin fawa sitiyari yana kusa da na birki, saboda haka kada a aiki yaro ya yi ciko.

Sai ruwan Omo, wanda wasu ke kaɗawa su zuba idan fot ya fashe a daji. Suna ganin yana aiki ne saboda ruwa ma ba ya matsuwa. Amma a digiri 100 yake tafasa, ƙasa da mataccen DOT 3, kuma cikin 'yan kwanaki tsatsa za ta kama fistin. Ɗan'uwansa shi ne cusa ƙusa a fayif ko lanƙwasa shi da filaya don a kashe tayar da ke yoyo. Motar za ta koma tsayawa da taya uku, ranar da aka taka da ƙarfi ta fizge gefe guda. Muna faɗa da babbar murya, bai halatta a ɗauki fasinja a mota irin wannan ba. Fot na baya yana cikin kayan birki mafi araha, kuma sauya shi bai kai aikin sa'a biyu ba.

Yadda ake canza shi a ƙofar gida

Lokacin da muka fi so shi ne farkon kaka, bayan damina ta ɗauke, kafin jigilar amfanin gona ta yi nauyi. Iska ta bushe, hazo bai sauko sosai ba. A zaɓi safiya marar iska, domin ƙurar da ta faɗa tanki ba ta fita sai ta bi ta kan roba. Bayan shekara biyu ake yi, ko da motar ba ta yi tafiya mai yawa ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana mai zobe daidai kan nonon bilidin, wato ɗan notin da ke jikin kalifa da fot da ake kwancewa don fitar da mai da iska, wanda yakan kasance lamba 8 ko 10 a motocin Japan, 7 ko 11 a na Turai. Tiyo mai haske da ake ganin cikinsa, tsawon rabin mita, wanda zai kama nonon tsam. Tsabtatacciyar gora, sabon babban sirinji marar allura, burushin waya, tsumma, bokitin ruwa, da mutum na biyu mai jin magana. Kada a yi amfani da sifana mai buɗaɗɗen baki ko filaya a kan nono, za su cinye kansa.

Jak ba abin dogaro ba ne. A ƙasa mai yashi a shimfiɗa masa katako mai kauri, a ɗaga, sannan a tokare motar da ƙarfen tokari ko gungumen icce mai ƙwari. Bulo na siminti yana farfashewa ba gargaɗi, kada a shiga ƙarƙashin mota a kansa. A sa duwatsu gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, a sassauta notin taya tun kafin a ɗaga.

Inji a kashe. Goge kewayen murfi kafin ka buɗe. Zuƙe tsohon mai da sirinji, amma ka bar ɗan kaɗan a gindi don kada iska ta shiga ramukan masta. Da baki ba a zuƙa. Cika da sabo har layin MAX. Sannan, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba, ka sa guntun katako a ƙarƙashin fedal yadda ba zai kai ƙasa ba. A tsohon masta, robar ta saba kai-komo ne a ɗan gajeren wuri da ya yi sumul. Can gaba akwai tsatsa da dauɗa. Idan aka tura fedal har ƙasa, robar za ta bi ta kan wannan ƙaiƙayi ta yage. Shi ya sa ake jin mutum ya ce daga yin bilidin masta ya mutu.

Ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta. A motocinmu masu sitiyari a hagu, wannan yana nufin dama ta baya, sai hagu ta baya, sai dama ta gaba, a ƙare da hagu ta gaba. Wasu motoci, kamar Honda da yawa, suna da nasu jerin, saboda haka idan littafin mota yana nan a bi shi. Cire hular roba da ke kan nono, ka goge da burushi, ka fesa masa maganin tsatsa ka ba shi lokaci. Sa sifana, sannan ka cusa tiyo, ɗaya bakin ya nutse cikin ɗan mai a gindin gora don kada iska ta koma.

Sauran aikin na baki ne, kuma wanda ke ƙasa shi ke ba da umarni. Zai ce wa ƙanensa da ke kujera, "Tattaka sau uku a hankali, ka riƙe." Shi kuma ya amsa, "Na riƙe, Yaya." Sai a buɗe nono kwata ɗin juyi, mai ya fito, fedal ya nutse zuwa katako. "Ya sauka, Yaya." A rufe nono tukuna, sannan a ce, "Saki." Idan na kujera ya ɗaga ƙafa kafin a rufe, iska ta shiga, an koma farko. Haka za a yi ta maimaitawa har sai abin da ke bin tiyo ya zama sabon mai garai-garai babu ƙwayar kumfa. Tayar farko ita ta fi ci, wajen kwata ɗin lita, sauran ƙasa da haka. Bayan kowane buɗewa biyar ko shida a tashi a duba tanki. Idan ya ƙafe, iska ta shiga masta, kuma a mota mai ABS tana iya maƙalewa cikin akwatin bawul, inda ba ta fita sai da kwamfutar gareji. Man da ya fito cikin gora ba a mayar da shi tanki, komai haskensa.

Nono ƙarfe ne mai rami a ciki, ɗauri kaɗan yake so, da ɗan gajeren sifana da ƙarfin yatsu. Wanda ya ƙi kwancewa kada a sa masa fayif a ƙara tsawo. Idan ya karye a ciki, sai an ciro kalifar an kai gari. A mayar masa da hularsa, domin ita ke hana laka da ruwa cika ramin, musamman ga masu ratsa ruwa da damina a wajen Auyo, Ringim da Kirikasamma.

Motocin kaya da wasu Golf suna da bawul a kusa da gatarin baya wanda ke rage wa tayoyin baya ƙarfi idan babu lodi. In an ɗaga motar tayoyin baya suna reto, bawul ɗin yakan kusan rufewa, mai ya riƙa fitowa da ƙyar. A tokare a ƙarƙashin gatari, ko a tura hannun bawul ɗin. A Hiace da Hilux wannan bawul yakan zo da nasa nonon, shi ma sai an yi masa bilidin. Motar da kulocinta na mai ne, kamar Sharan, daga tanki ɗaya yake sha da birki, don haka yoyon kuloci ma yana iya zama dalilin raguwa.

Idan an gama amma fedal bai gamsar ba

Ba kowane laushin fedal ba ne iska. Idan ya yi nisa kafin ya kama amma ya yi tauri a taka ta biyu, a duba shu na baya, wataƙila sun yi nesa da diram suna son saiti. Mutane kan ƙarar da lita biyu suna bilidin alhali matsalar saiti ce. Idan an taɓa sauya kalifa, a tabbatar nononta yana sama. In aka musanya ta hagu da ta dama, nono zai koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, ba za ta taɓa fita ba. Fedal ɗin da ke nutsewa a hankali idan ka riƙe shi tsawon daƙiƙa 30, babu yoyo a waje, masta ne ke zarcewa ta ciki. Mai da ke raguwa ba a ganin inda yake zuba, a leƙa tsakanin masta da busta, in fenti ya kwaile a wurin to cikin busta yake tsiyaya. A baya kuma a cire diram, a ɗaga robar gefen fot da yatsa, in da danshi ya mutu. Shu ɗin da ya jiƙe da mai ba ya wankuwa, ko an ƙona shi da fetur kamar yadda wasu ke yi, sauya shi ake yi.

Fedal mai tauri da ba ya tsayar da mota kuwa, busta ne ko tiyon da ke haɗa shi da inji. Gwajinsa: inji a kashe, tattaka sau biyar, riƙe, ka tayar da inji. Fedal ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, in bai motsa ba busta ba ya aiki. Wannan ne ma ya sa kashe inji a gangare don tattalin fetur ganganci ne, taka biyu ko uku busta ya ƙare. Sakin mota a firi ma yana jibga wa birki duk aikin da giya za ta taya shi.

Tun da tayoyi suna ƙasa, a duba fad. Sabo yakan kai milimita 10 ko fiye, idan naman ya sauko milimita 3 a sauya, kuma hagu da dama tare ake sauyawa. Fad ɗaya ya cinye ɗan'uwansa na nan, alama ce ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu sun cije. A wanke su a shafa giris na silikon, ba baƙin giris na boris ba, wanda ke kumbura robarsu. Ƙurar diram kada a hura ta da baki ko da iska, wasu shu masu araha har yanzu suna ɗauke da asbestos mai lalata huhu, a jiƙa tsumma a goge. Ƙarfe a wanke shi da feshin wankin birki ko sifirit, fetur da kalanzir kada su taɓa roba. Tiyon roba a lanƙwasa shi a gani, in ya tsattsage, ko yana kumbura idan an taka, ya gama aiki. Bayan sa sababbin fad a tattaka fedal har ya yi tauri kafin a motsa motar, domin taka ta farko babu birki sam.

Man birki yana cin fenti cikin mintoci, in ya zuba a kwara ruwa nan take. Guba ne kuma, yana lalata ƙoda. Kada a ajiye shi a gorar lemo inda yaro zai ɗauka, kada a zubar da tsohon kusa da rijiya ko inda dabbobi ke lasa, a rufe shi a kai gareji. Wanda ya sha a garzaya da shi asibiti tare da gorar, ba tare da an sa shi amai ba, ko da ya ce ba ya jin komai, domin illar takan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15. Al'adar shafa shi a sabon ciwo ko a ƙyasfi, ta mutum ko ta dabba, ba ta da tushe a likitanci, ƙona nama yake yi ya jinkirta warkewa.

Gwajin farko a yi shi a hanyar da babu yara babu dabbobi, a gudun da bai wuce kilomita 20 zuwa 30 ba, a ga ko motar tana tsayawa a miƙe. A dawo a shafa kowane nono da busasshen yatsa, a rubuta wata da shekara a takarda mai gam a liƙa kusa da tanki. Abu biyu ne ba ma so a yi a gida. Fayif na ƙarfe da ya yi tsatsa ko ya huje ba a ɗaure shi da roba, ba a yi masa walda, ba a haɗa shi da tiyon fetur, domin matsin da ke ciki a taka mai ƙarfi yakan ninka na iskar taya sau arba'in ko fiye. Sabo ake sawa, wanda aka buɗa bakinsa da injin da aka yi don haka. Haka nan motar da fitilar ABS ɗinta ta ƙi mutuwa, ko wadda iska ta shiga akwatin bawul ɗinta, a nemi mai kwamfuta a Dutse, Haɗeja ko Kano, kuma in fedal bai yi tauri ba a kira shi ya zo, kada a tuƙa ta zuwa wurinsa.